Mai ciki da ciwon asma: abin da matan Tahoua ke tambaya

Na samu ciki, in ajiye maganin shaƙata?

A'a, 'yar'uwa, kar ki ajiye. Nan ne mata da yawa ke cutuwa, sau tari bisa shawarar uwar miji ko maƙwabciya da ke nufin alheri. Abin da ke cikinki ba ya da wata iska sai wadda ta shiga jininki, ta bi ta cibiya ta isa gare shi. In ƙirjinki ya toshe, shi ma ya takura. Asmar da aka bari ba magani tana ƙara haɗarin hawan jinin masu ciki, da haihuwar bakwaini, da jariri marar nauyi. Ventoline mai buɗe ƙirji nan take, da na kullum irin su budesonide da beclometasone, an daɗe ana ba masu ciki su. Ki je da su awon ciki, a duba yadda kike shaƙa, don da yawa a baki maganin ke tsayawa.

Ciki yana ƙara ciwon?

Kusan kashi 1 cikin 3 yana tsananta musu, wasu su samu sauƙi, wasu ba canji. Ya fi tashi a watannin tsakiya.

Me zan guje wa?

Ƙurar hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ba a hana ta shiga Tahoua, amma ki rufe hanci in za ki fita, a yayyafa ruwa kafin shara. Ni dai abin da ya fi damuna turaren wuta ne: a zuba a kasko, a rufe ƙofa da taga, mace ta zauna cikin hayaƙi. Ki haƙura da shi. Haka hayaƙin itace da maganin sauro na ƙonawa. Gidan sauro ya wadatar. Mura da ƙwannafi ma suna tayar da ciwon. Aspirin da ibuprofen kuwa, kar ki saya da kanki wurin masu talla.

Yaushe zan garzaya likita?

Ɗan haki a ciki ba abin tsoro ba ne. Amma in ƙirji na fito, magana na yankewa, kin shaƙi Ventoline bai saki ba, ko motsin ɗan ya ragu, kar a jira gari ya waye.

Naƙuda da shayarwa fa?

Da wuya ya tashi lokacin naƙuda. Ki sa maganin cikin kayan haihuwa, ki sanar da ungozoma tun da wuri. Shayarwa kuma ba ta hana shaƙarsa.