Sabon ƙarfe mai tsada ba ya gyara tsohuwar fistol shi kaɗai

An daɗe ana zaton da zarar ka sayi kayan gyara masu tsada ka ɗaura wa tsohuwar fistol, shi ke nan ta ƙara saiti. Ba haka abin yake ba, musamman ga M1911, wadda John Browning ya ƙera, sojojin Amurka suka riƙe daga 1911 har 1985.

Bututun bindiga irin na gasar harbi da ake sayarwa dominta, da gangan ake yin sa ya ɗan fi girma, don maƙerin bindiga ya goge shi kaɗan-kaɗan har ya zauna daidai a jikin bindiga ɗaya tak. In ba a yi wannan aikin hannun ba, kuɗi kawai aka zubar. Matsewa ma tana da iyaka: ta soja an bar mata ɗan sarari ne don ƙura kada ta sa ta cije.

Abin da ya fi damuna shi ne kunamar bindigar. Mutane na so ta yi laushi, sai wanda bai ƙware ba ya kankare ƙarfen da ke riƙe hamar da ke tayar da harsashi, bindiga ta koma tana iya tashi ba a nufa ba. Tsohuwa ta asali kuwa, ana taɓa ta darajarta ke faɗuwa a wurin masu tara kayan tarihi.