Hoton siti-sikan na jijiyoyin wuya da na zuciya: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Ni mai ɗaukar hoton ne a asibiti. Kullum tambayoyin iri ɗaya ne a ƙofar ɗakin hoto, don haka ga su a rubuce.

Me ake nema a hoton?

Kitsen da ke manne wa bangon jijiyar jini. Shekara da shekaru yana taruwa, yana taurara da kalsiyam, hanyar jini tana tsukewa kamar tsohon bututun famfo da ya yi tsatsa ta ciki. A zuciya ya kawo ciwon ƙirji ko bugun zuciya. A wuya kuwa ɓarɓashi ya ɓalle ya haura ƙwaƙwalwa, sai shanyewar ɓarin jiki.

Da zafi?

Babu. Sukar allura ce kawai a hannu, ta nan ake zuba rinin da ke sa jijiyoyin su fito a hoto.

Na sha shayi da safe, ba komai ko?

Akwai komai. Zuciya ba ta tsayawa a ɗauke ta hoto, shi ya sa ake so bugunta ya sauko wajen 60 a minti ɗaya. Kofi, shayi, lemon ƙara kuzari da goro duk a ajiye su aƙalla awa 12 kafin a zo. Eh Baba, har goro, ko da ɓari ne. In bugun ya ƙi sauka za a ba da ƙwaya irin metoprolol, kuma mai asma ya faɗa tun kafin ya haɗiye ta.

Ga kuma abin da maza ke ɓoyewa. Ana fesa maganin buɗe jijiya a ƙarƙashin harshe kafin hoton. Wanda ya sha maganin ƙarfin maza, sildenafil cikin awa 24, ko tadalafil cikin awa 48, jininsa na iya faɗuwa warwas. Har na kwalba da ake talla a tasha, don wasunsu ana zuba musu irin wannan sinadarin. Ka raɗa min a kunne, ba mai ji.

Rami za a tura ni a rufe?

Wancan MRI ne. Wannan zobe ne buɗaɗɗe, gado ya shiga ya fito. Riƙe numfashi na 'yan daƙiƙoƙi, shi ke nan.

Ba abin da ke damuna, amma ina da kuɗi, a duba ni gaba ɗaya.

Alhaji, kuɗi ba dalili ba ne. Hasken eksire ake ratsa ka da shi, ba a yin sa don nishaɗi. Kwamitin masana rigakafi na Amurka ya sake jaddadawa a 2021 cewa kada a riƙa binciken jijiyar wuya ga wanda bai taɓa ganin wata alama ba. Ko mai alamar ma, galibi da sikanin ake farawa, irin na'urar da ake duba masu ciki da ita.

A zuciya akwai ɗan sassauci. Ana auna kalsiyam ba tare da allurar rini ba, a ba ka maki bisa tsarin da Arthur Agatston ya fitar a 1990: sifili babu, 1 zuwa 99 kaɗan, 100 zuwa 399 matsakaici, daga 400 abin ya yi yawa. Amfaninsa ga mai shekara 40 zuwa sama ne, wanda likita ke waswasin ko ya fara masa maganin kolestarol.

Ina da ciwon suga, ina shan metformin, an taɓa cewa ƙodata ta ɗan taɓu. A yi min allurar rinin?

To, nan kam ba amsa guda. Rinin na aidin ne, ta ƙoda yake fita, don haka kafin komai sai an gwada jininki an ga kiriyatinin, an lissafa ƙarfin tacewar ƙodar. In lissafin ya kai 45 ko sama, haɗarin kaɗan ne ƙwarai. Tsakanin 30 da 44 yawanci ana yi, amma da lura. Ƙasa da 30, ko ƙodar na cikin sabon rauni, sai likitan da ya turo ki da likitan hoto sun zauna sun auna: amsar da ake nema ta kai a ɗauki kasadar, ko sikanin zai wadatar? Wani lokaci a ɗaura ruwa kafin hoton da bayansa.

Metformin kansa ba ya ɓata ƙoda. Tsoron shi ne in ƙodar ta yi sanyi bayan rinin, maganin ya taru a jini. Wasu asibitoci sai ƙodar ta yi rauni sosai suke dakatar da shi na awa 48, wasu kuma kowa suke dakatarwa. Bi na asibitin da za a yi miki, kada ki yanke wa kanki. In kina gudawa ko amai a makon, ko kina shan diclofenac kamar gyaɗa saboda ciwon gwiwa, ki faɗa, don lissafin na iya canzawa. Haka in an taɓa yi miki rinin jikinki ya yi borin jini ko numfashi ya sarƙe, ko kina zaton kina da ciki. Kuma Hajiya ki kwantar da hankalinki: ɗumin da zai ratsa jiki, da ɗanɗanon ƙarfe a baki, da jin kamar fitsari ya kufce, duk rinin ne, minti ɗaya ko biyu ya wuce.

Makina sifili ne, in bar magani?

Wa ya ce? Kitse mai laushi ba ya fitowa a awon kalsiyam, kuma shi ma yana fashewa. Mai shan taba da mai suga ba su tsira da sifili ba. A wani bincike da aka wallafa a 2018 kan mutum 4,146 masu ciwon ƙirji a Sikotland, bugun zuciya ko mutuwa ta dalilin ciwon jijiyar zuciya ya sami kashi 2.3 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa hoton rini, da kashi 3.9 na waɗanda ba a yi wa ba, cikin shekara biyar. Hoton bai wanke jijiyar kowa ba. An dai fi ɗora waɗanda aka gano kan magani da wuri.

Bakin Baba ya karkace yanzu, hannunsa ya saki. Yaushe za ku ba mu rana?

Wace rana? Ku ɗauke shi zuwa sashen gaggawa yanzu, ko da ya ware da kansa. Allurar narka gudan jini galibi awa huɗu da rabi kawai take da shi daga lokacin da alamar ta fara. Haka mai ciwon ƙirji da gumi na karyo masa, shi ma a garzaya da shi.

Me ka gani a hoton nawa?

Ni ɗauka nake yi. Likitan hoto zai karanta ya rubuta, ka kai wa wanda ya turo ka.