Dokar Tsintuwar Taska a Ingila: Abin da Ya Kamata Mai Na'urar Gano Ƙarfe Ya Sani

A karkarar Ingila, dubban mutane suna yawo a tsofaffin gonaki da kufan gidajen manoma da na'urar gano ƙarfe, suna neman tsoffin sulalla da kayan tarihi da ƙasa ta binne. Yin hakan ba laifi ba ne, amma sai da izinin mai filin, kuma idan wurin yana cikin jerin wuraren tarihi da gwamnati ta kare, dokar 1979 ta haramta amfani da na'urar a wurin sai da rubutaccen izini daga hukumar kula da wuraren tarihi.

Dokar da ke magana kan abin da aka tono ita ce Dokar Taska ta 1996, wadda ta fara aiki a watan Satumban 1997 a Ingila da Wales da Ireland ta Arewa. Scotland tana da nata tsarin daban. A wannan doka, taska ita ce duk abin da ya kai shekara 300 kuma aƙalla kashi 10 cikin 100 na nauyinsa zinariya ce ko azurfa. Sulalla kuwa sai an samu biyu ko fiye a wuri guda, idan kuma na tagulla ne ko makamancinsa, sai sun kai 10. Wanda ya tsinci irin wannan wajibi ne ya sanar da jami'in shari'ar yankin cikin kwana 14, in ba haka ba yana iya shan ɗaurin wata 3, ko tara, ko duka biyun.

Taska ta zama mallakar Sarautar ƙasar, sai dai ba a ƙwace ta haka nan. Wani kwamiti mai zaman kansa ne ke ƙiyasta kuɗinta a kasuwa, gidan tarihin da yake so ya biya, sannan a raba tukuicin, galibi rabi da rabi, tsakanin mai tsintuwa da mai gona. Haka aka yi da taskar Staffordshire da Terry Herbert ya gano a gonar Fred Johnson a 2009, wadda aka yi wa ƙimar sama da fam miliyan 3. Su kuwa George Powell da Layton Davies, da suka ɓoye taskar zamanin Vikin (tsoffin mayaƙan arewacin Turai) da suka tono a yankin Herefordshire a 2015 suka sayar da wasu sulallan a ɓoye, kotu ta ɗaure su a 2019, alhali da sun bi doka da rabon halak suka samu.

Dokar ta daɗe da wani giɓi, domin galibi nauyin zinariya da azurfa take dubawa. A 2010 an gano wani kwalkwalin sojan Rum a ƙauyen Crosby Garrett da ke Ingila, amma da yake na tagulla ne bai shiga ma'anar taska ba, sai aka yi gwanjonsa kan fam miliyan 2.3 ya tafi hannun wani mai tara kayan tarihi. Daga watan Yulin 2023 an faɗaɗa dokar ta haɗa da duk abin ƙarfe da ya haura shekara 200 idan yana da muhimmanci na musamman ga tarihi, ko da babu ɗigon zinariya a jikinsa.