Wai mece ce "tokunbo" da kowa ke cewa sai ita?

Ƙanina da ke sayar da waya a Agege ya tara ɗan abin da ya tara, ranar nan bayan isha'i ya same ni ya ce Yaya mota nake so in saya, amma fa ni sai tokunbo. Na ce masa to madalla, mece ce tokunbo ɗin? Ya ce ai mota mai lafiya kenan wadda ba ruwanka da bakanike. Na yi dariya, don ba shi kaɗai ba ne, da yawa cikin 'yan uwanmu a nan Legas haka suka ɗauki kalmar, kuma dillalai sun san da haka, shi ya sa suke ɗora mata kuɗi.

Kalmar dai Yarbanci ce, ma'anarta wanda ya dawo daga ƙetaren teku. Asalinta ma sunan mutum ne, yadda mu muke kiran yarinyar da aka haifa cikin watan azumi Azumi, su kuma ɗan da aka haifa a ƙasar waje aka dawo da shi gida sai su sa masa Tokunbo, ko Adetokunbo, ko Olatokunbo. Wanda ya san Victoria Island ya san titin Adetokunbo Ademola, sunan tsohon alƙalin alƙalan Najeriya ne. Daga baya da kayan gwanjo suka cika kasuwa sai sunan ya koma kan duk abin da aka yi amfani da shi a waje aka kawo nan, mota ce, firji ne, inji ne, har taya. A arewa mun fi cewa Beljiyam ko 'yar Kwatano, saboda a da motocin Turai daga tashar Antwerp ta Beljiyam ake lodinsu a sauke a Kwatano a shigo da su ta boda. Tun watan Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da mota ta kan iyakar ƙasa, yanzu hanyar da doka ta sani ita ce ta ruwa, Tin Can da Apapa, amma sunan bai bar bakin mutane ba.

To kaga kenan tokunbo ba ta ce maka komai ba game da lafiyar mota. Abin da kawai ta ce shi ne an hau ta a waje, ba a taɓa yi mata lamba a Najeriya ba. Shikenan. Wadda aka yi wa lamba aka hau a nan ita ce Naija yus, sabuwa dal kuma ita ake kira tiya leda, ita kam sai dai mu kalla daga nesa.

Abin da sabon mai saye bai cika sani ba, motocin Amurka da yawa da ke zube a kasuwar motoci ta Berger da sauran filaye daga gwanjon motocin inshora aka sayo su, irin wanda kamfanin Copart ke yi. Motar da ta yi hatsari ko ruwa ya cinye, inshora ta lissafa ta ga gyaran bai biya ba ta biya mai ita ta sa a gwanjo, ɗan kasuwa ya saya da araha ya loda a jirgi, tana sauka a kai wa fanel bita a buga a shafa fila a fesa fenti, ta fito tana sheƙi kamar amarya. Ba duka ba ne fa, kar in ci haƙƙin masu gaskiya, akwai masu kawo mota garau. Kuma ko mai hatsarin ma in bamba ce da fitila kawai ba wani abu ba ne, matsalar ita ce wadda ƙashinta ya lanƙwashe ko wadda ta kwana cikin ruwa.

Mun je wani filin motoci da ƙanin nawa da bakaniken da nake hulɗa da shi, ya ga wata Camry baƙa idonsa ya rufe, dillali sai cewa yake Alhaji fes bodi ce wannan, ko ƙwarzane babu, ka tayar ka tafi. Bakanike bai ce uffan ba, ya buɗe but ya ɗaga kafet ya ciro safaya taya, sai ga busasshen taɓo a ƙasan ramin, ya durƙusa ya haska tocilan ƙarƙashin kujerar direba, notocin duk sun yi tsatsa, ya ja bel ɗin kujera har ƙarshe sai ga shatin ruwa a jiki. Sai a lokacin na gane dalilin turaren da aka cika motar da shi. Motar da ta sha ruwa wayoyinta da birenbos ɗinta, wato kwamfutar da ke sarrafa ta, su ne ke mutuwa a hankali, yau gilas ya ƙi sauka gobe giya ta ƙi shiga, kana kashe kuɗi ba ka ganin ƙarshe.

Akwai kuma tokunbon ƙarya, motar da ta yi shekara uku tana faɗawa ramukan Legas, a cire lamba a wanke inji a manna takarda a gilas a yi rubutu da farin alli. Maganin wannan da ma sauran duka yana cikin lambar casis, wadda ake kira VIN. Haruffa da lambobi 17 ne, tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba da kuma jikin ƙofa, ka tabbatar iri ɗaya ce da ta takardar kwastan. Harafin farko ƙasar da aka ƙera ta ne, J Japan, W Jamus, 2 Kanada, 1 ko 4 ko 5 Amurka. Na goma kuma a motocin Amurka shi ne shekara, 5 na nufin 2005, 8 na nufin 2008, A kuma 2010. Wannan na goman ka riƙe shi da kyau saboda ana canza wa tsohuwar mota fitila da bamba a sayar maka a matsayin sabon yayi. Da lambar nan zaka iya biyan kuɗi kaɗan a ciro maka tarihinta a shafin intanet na Carfax, wani lokacin ma kana buga ta a Google hotunanta na wurin gwanjo za su fito, ka ganta da gaba a ragargaje. Awon tafiyar da ke dashbod kuma kar ka rantse da shi, ana mayar da shi baya, ka dubi yadda sitiyari da fedar birki suka suɗe, su ba sa ƙarya. Sannan a leƙa salansa a ga ko indomi na nan, wato tukunyar nan mai tace hayaƙi, ana yawan sace ta saboda tana da tsada.

Game da wacce za ka saya a matsayin ta farko, ni ra'ayina ɗaya ne, ka sayi motar da in ka shiga Ladipo, kasuwar kayan gyaran mota, ka faɗi sunanta yara goma za su rugo maka da kayanta. Corolla ta 2003 zuwa 2008 mai inji 1.8, ko Matrix, ko Pontiac Vibe wadda a ciki Toyota ce sak, ko Camry big dadi mai fulogi huɗu. Ba su da wani burgewa amma kowane bakanike ya san su, kuma ranar da ka matsu ka sa a kasuwa ba za ta kwana ba. Mai fulogi shida tana da daɗin taka wa, amma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, ka tsaya da ita awa biyu a gosulon Ikorodu Road da esi a kunne ka ga yadda allurar mai ke sauka. Motocin Jamus kuwa wallahi akwai daɗi, sai dai a bar su sai ta biyu.

Kuma kar ka juye duk kuɗinka a hannun dillali. Tokunbo lamba take jira, ga inshora wadda mafi ƙaranci naira 15,000 ce tun 2023, ga takardar rodwodines ta shaidar lafiyar mota da 'yan VIO masu duba motoci ba sa wasa da ita a garin nan, ga juyen baƙin mai, ga tayoyi da galibi sun tsufa, akwai lambobi huɗu a gefen taya, biyun farko sati biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta.

Shi dai ƙanin nawa bayan yawon sati uku Corolla 2006 ya saya, Naija yus, a hannun wata malamar makaranta a Ogba da ba ta zuwa ko'ina da ita sai aiki da coci, har rasit ɗin juyen mai ta miƙo mana a leda. Shekaranjiya na ji shi a majalisa yana faɗa wa abokansa wai ai tokunbo ce, dairek.