Ciwon shanyewar tsoka na gado: kwanciya ba magani ba ce

A Gombe, an daɗe ana cewa mai ciwon shanyewar tsoka na gado ya kwanta ya huta, wai motsi na ƙara cinye naman jikinsa. Tausayi ne ya kawo zancen, amma zama wuri ɗaya yana sandarar da gaɓoɓi, ya ƙara raunana tsokar da ta rage.

Motsa jiki ba ya warkar da ciwon. Amma tafiya a hankali da miƙe gaɓoɓi suna taimakawa. Ɗaukar kaya mai nauyi da wahalar da jiki su ne abin gudu. In bayan motsa jiki ciwon jiki ya wuce kwana 2, ko fitsari ya yi duhu kamar shayi, a dakata a ga likita.

Kafin a fara, a tuntuɓi likitan gashin ƙashi, a kuma duba zuciya, domin wasu nau'o'in ciwon suna taɓa ta. Don Allah ku tura wa 'yan uwa.