Sayar da Hoton Fasaha Don Gidauniya

Sayar da hoton fasaha don gidauniya wata hanya ce ta tara kuɗin taimako, inda mai ɗaukar hoto ke bada aikinsa a buga a takarda mai kauri a sayar, kuɗin gaba ɗaya ko wani kaso ya tafi asibiti, gidan marayu ko aikin kare daji. Ba irin hoton biki ko fasfo da ake wankowa a situdiyo ba ne, wannan don a rataye a bango a riƙa kallo ake yinsa.

Abin da ke sa masa tsada ƙarancinsa ne. Mai hoton zai ce kwafi 25 kawai zan buga, sai ya sa hannu da fensir a ƙasan takardar ya rubuta 3/25, wato na uku cikin ashirin da biyar, in sun ƙare shikenan ko nawa ka zo da shi. Wani lokacin kuma gwanjo ake yi, ba dai na 'yan Ƙofar Wambai ba, wanda ake tayawa har mai hannu da maiƙo ya ɗauka.

Akwai kuma salon araha, a karya farashi a buga da yawa. A 2020 lokacin korona masu hoto a New York ta Amurka sun haɗu a shirin Pictures for Elmhurst, kowane hoto dala 150, suka tara sama da dala miliyan ɗaya ma asibitin Elmhurst. A shekarar dai aka fara shirin Prints for Wildlife don tallafa wa African Parks, ƙungiyar da ke kula da gandun namun daji a Afirka, tunda 'yan yawon buɗe ido sun ɗauke ƙafa. Shi kuwa mai ɗaukar hoto Sebastião Salgado na Brazil, da ya rasu a 2025, shi da matarsa Lélia ne suka kafa gidauniyar farfaɗo da daji mai suna Instituto Terra a 1998, suka dasa itatuwa sama da miliyan biyu a gonar gidansu da ta zama fako.

A Kano abin ɗauka kam ba a magana, ga Hawan Daushe, ɗaya daga cikin hawan sallar Kano da UNESCO ta sa cikin al'adun gado na duniya a 2024, ga marinar Ƙofar Mata, ga Dala da yamma. Sai dai mu mun fi sabawa da ƙaddamarwa, a kira attajiri a lasifika ya faɗi abin da ya bayar a tafa, kuma gidaje da yawa ba sa rataye hoton mai rai saboda fahimtarsu ta addini, don haka hoton gini, ƙofofi da zanen bango ya fi saurin shiga falo. Ga kuɗin firintin da firem da sai an cire tukuna, shi ya sa mai saye ke tambaya nawa ne takamaimai zai isa ga mabukata.

Inda aka fi samun saɓani shi ne hoton almajiri da roba a hannu, ko mara lafiya a gadon asibiti. Irinsa yana saurin taɓa zuciya, amma yaron ba a tambaye shi ba, iyayensa na can ƙauye ba su san fuskar ɗansu na rataye a falon wani ba.