Waiwaye: rigimar ƙaton injin Sin da aikin T.D. Lee

Masu bin labaran kimiyya sun san cacar bakin da ake yi a Sin kan ko a haƙa ramin zobe mai kewayen kilomita 100 a ƙarƙashin ƙasa don gwara ƙwayoyin zarra, wanda ake kira CEPC. An kawo shawarar a 2012 bayan gano ƙwayar Higgs, mai alaƙa da yadda wasu ƙwayoyin zarra ke samun nauyi, a 2016 kuma masanin fiziks Yang Chen-Ning ya fito fili ya ce lokaci bai yi ba, kuɗin sun yi yawa. Wasu na ɗauka nan maganar ta faro, alhali ta girmi yawancin masu yin ta, kuma tun can baya T.D. Lee na cikinta.

Tsung-Dao Lee, wato T.D. Lee, haifaffen Shanghai ne a 1926, ya tafi Chicago a 1946 ya yi digirin dakta a hannun Enrico Fermi. A 1956 shi da Yang suka ce a wasu mu'amaloli na ƙwayoyin zarra hagu da dama ba ɗaya ba ne, masaniyar fiziks Wu Chien-Shiung ta gwada ta tabbatar, 1957 Lee da Yang suka karɓi Nobel. Wannan kowa ya sani.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne abin da ya faru tsakanin 1980 da 1981. Sin ta riga ta tsara gina injin proton mai ƙarfin GeV 50 (GeV shi ne ma'aunin ƙarfin irin waɗannan injuna) a wajen Beijing, sai tattalin arziki ya matse aka soke shi a 1980, kuma gaskiya ko da an gina shi da a baya zai tsaya, tunda a lokacin CERN, cibiyar binciken zarra ta Turai, na da mai GeV 400 yana aiki. To a nan ne Lee ya shigo, a 1981 ya haɗa masana Sin da na Amurka a cibiyar bincike ta Fermilab a Amurka, Wolfgang Panofsky na cibiyar SLAC ya ba da shawarar a yi ƙarami mai gwara elektiron da kishiyarsa positiron, GeV 2.2 kowane ɓangare, a wani lungu na bincike da manyan ƙasashe suka fara juya wa baya. Da yawa sun ga kamar an ci baya, daga giwa an koma akuya. An aza harsashin ƙaramin a Beijing a Oktoban 1984, aka fara gwarawa a Oktoban 1988. Zoben duka mita 240 ne fa, amma a nan aka auna nauyin ƙwayar tau, 'yar'uwar elektiron mai nauyi, a 1992 da daidaiton da ba a taɓa samu ba.

Ni a ganina matsalar lokacin ta mutane ce fiye da ta kuɗi, juyin al'adu na zamanin Mao ya gurgunta jami'o'i wajen shekara goma, babu isassun masu riƙe injin ko an ba su kyauta. Lee ya gane haka, shi ya sa ya kafa shirin CUSPEA, daga 1979 zuwa 1989 ɗalibai 915 suka tafi karatun fiziks a Amurka da Kanada, a farkon shirin ba a ma rubuta TOEFL ko GRE, jarrabawoyin da jami'o'in Amurka ke nema, a Sin, shi da kansa yake bin jami'o'i da wasiƙu yana roƙon gurbi.

Cibiyar da ta koyi aiki a kan ƙaramin zoben nan ita ce yau take neman mai kilomita 100. Lee ya rasu a Agustan 2024, Yang a Oktoban 2025, shi kuma CEPC bai samu shiga shirin shekara biyar na 2026 zuwa 2030 ba, masu shi sun ce za su sake miƙa takarda a 2030.